Ƙwar Uku: Nasiha Ga 'Ya'yanmu Masu Rubuta Waƙa

'Ya'yana maza da mata, na nan Mindif da na Marwa da Kaele, da waɗanda karatu ko neman abinci ya kai Garwa da Ngaundare.

A 'yan shekarun nan waƙoƙinku suna iso ni ta waya fiye da yadda nake iya karantawa, kuma hakan yana faranta mini rai ƙwarai. A da, in yaro ya ce zai rubuta waƙa da Hausa a wannan yanki, kallon wanda ya rasa abin yi ake yi masa, domin makaranta da Faransanci take magana, kasuwa kuma da Fulatanci. Yau ga ku kuna rubutawa, kuna tura wa juna, har kuna gardamar wane ya fi wane iyawa. Na kuma lura da yawanku sun kama tsari ɗaya: layi uku, a bar fili, a sake layi uku. Wasunku sun tambaye ni ma'anar wannan tsari, wata 'yata ma ta ce ko akwai wani sirri a lamba uku da ya sa mawaƙan duniya suke sonta. Zan faɗa muku abin da na sani, in haɗa da abin da nake gani yana ɓata muku aiki alhali kuna da ikon kauce masa.

Mu fara da sunayen kayan aiki. Layi ɗaya na waƙa shi ne ɗango, ɗangwayen da aka ɗaure wuri guda su ne baiti. Waƙar da baitinta ɗango ɗaya ne ana ce mata gwauruwa, mai biyu ƙwar biyu ko 'yar tagwai, mai uku ƙwar uku, haka har zuwa ƙwar biyar. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ya yi bayanin waɗannan a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, kuma duk wanda ya same shi ya riƙe shi da kyau. Sai amsa-amo, wanda malaman zaure suke kira ƙafiya. Iri biyu ne. Ƙaramin amsa-amo yana cikin baiti, yana sauyawa daga wannan baiti zuwa wancan. Babban amsa-amo yana zaune a ƙarshen ɗangon ƙarshe na kowane baiti, ba ya sauyawa tun daga bismilla har zuwa tammat.

In kun duba waƙoƙin magabata na ƙarni na 19, ƙwar biyu da ƙwar biyar za ku fi tararwa. Ƙwar uku ba ta kai su yawa ba, kuma a ganina wuyarta tana cikin dalilan haka. A ƙwar biyu kowane ɗango yana da abokin tafiya: wannan ya ɗauko magana, wancan ya sauke. A ƙwar huɗu ma ana iya raba su biyu-biyu. A ƙwar uku kuwa, bisa tsarin da aka fi bi, ɗangwaye biyu na farko sun haɗa ƙaramin amsa-amo sun zama 'yan gida ɗaya, na ukun ya rage shi kaɗai. 'Yan'uwansa suna can a sauran baitoci, a ƙarshen kowanne, inda babban amsa-amo yake. Saboda haka aiki biyu ne a kansa: ya yanke hukunci a kan abin da biyun farko suka ɗauko, ya kuma ɗaure wannan baiti da sauran waƙar. Wannan ita ce ma'anar ƙwar uku, kuma duk abin da zan faɗa daga nan a kanta ya rataya.

Kun san murhu. Duwatsu biyu ba sa riƙe tukunya, sai an kawo na uku, kuma in na ukun ya fi sauran gajarta miya a ƙasa za ta ƙare. Abin da nake gani a yawancin waƙoƙinku ke nan: duwatsu biyu masu ƙarfi, na uku tsakuwa.

Bari in nuna muku a kusa, da baitin da na shirya don wannan bayani. Kowa a nan ya san masakwa, dawar rani da muke kira muskuwari, wadda ake dasawa a karal, wato ƙasa mai laka, bayan damina ta ɗauke, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, a girbe ta a tsakiyar sanyi zuwa ƙarshensa. Manomi yakan huda ƙasa da sanda mai tsini, ya zuba ɗan ruwa a ramin, ya sa tsiro, ya wuce gaba. Daga nan ba ta sake ganin ruwan sama har ta nuna. A ce ɗayanku ya tsaya a bakin gona ya ga wannan, ya rubuta:

Ruwa ya wuce, ga ƙasa ta fashe,
Da sanda manomi yake yin dashe,
Ku duba, ku gane, batun gaskiya.

Ɗangwaye biyun farko ba su da laifi. Sun nuna mana abu, sun kuma jefa mana tambaya a zuci: me ya sa mutum mai hankali zai yi dashe bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa ta soma tsagewa? Mai sauraro ya miƙa wuya yana jiran amsa. Sai na uku ya zo ya ce a duba a gane. A gane me? Ma'auninsa daidai yake, amsa-amonsa ya faɗa inda ake so, amma kana iya ɗauke shi ka liƙa a waƙar aure, ko ta siyasa, ko ta ta'aziyya, ba wanda zai ce ba wurinsa ba ne. Ɗangon da ya dace da kowace waƙa ba na kowace waƙa ba ne. Yanzu ku saurari baitin da wani ɗangon:

Ruwa ya wuce, ga ƙasa ta fashe,
Da sanda manomi yake yin dashe,
Cikin wagga laka akwai rijiya.

Tsawo ɗaya, ma'auni ɗaya, amsa-amo ɗaya. Amma yanzu an ba da amsa: lakar karal ta sha ruwan damina ta ɓoye shi a cikinta, manomi ya san da haka, shi ya sa bai damu da sama ba. Kuma mai sauraro yana iya ɗaukar maganar ya kai ta inda mawaƙi bai ambata ba, ya tuna da mahaifiyarsa da ake ganin ba ta da komai alhali ita ke riƙe da gida, ko da garinsu da baƙo yake wucewa yana cewa ba abin da ke cikinsa sai dutse. Mawaƙi bai yi wa kowa wa'azi ba, ya dai faɗi abin da yake gaskiya game da ƙasar, sauran aikin zuciyar mai ji ta ƙarasa.

Na san dalilin da ya sa kuke faɗawa cikin wannan rami, kuma ba rashin basira ba ne. Kuna farawa daga sama ne. Ɗango na farko yakan zo da sauƙi, domin shi ne abin da ya motsa zuciya. Na biyu ya biyo shi, amsa-amo ya ja shi. Kafin a kai na uku maganar ta ƙare, ga kuma babban amsa-amo yana jiran haƙƙinsa, sai a laluba aljihu a ciro “ya jama'a”, ko “wannan batu haka yake”, ko “ku ji ni da kyau”. To ɗana, juya aikin. Kafin ka rubuta komai, tambayi kanka abin da kake son baitin ya tabbatar, ka sa shi a ɗango na uku tukuna, sannan ka koma ka share masa hanya da biyun farko. In ka rasa abin da za ka sa a na uku, baitin bai nuna ba, ka bar shi ya kwana. In kuma ka ga duk maganarka tana ƙarewa a ɗango biyu, to waƙarka 'yar tagwai ce, ka bar ta a haka. Babu abin kunya a ciki, manyan waƙoƙinmu da yawa a wannan tsari suke.

Haka nan ka yi tunani kafin ka zaɓi babban amsa-amo, domin alkawari ne da za ka cika a kowane baiti. Wanda ya ɗauki gaɓar da kalmominta ba su da yawa, kafin baiti na goma zai soma murɗe wuyan kalmomi, ya ja wasalin da ba a ja, ko ya ƙirƙiro kalmar da ba a taɓa ji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zauna da takarda ka tara kalmomin da suka ƙare da gaɓar da kake so, ka ware waɗanda suka shafi jigonka, ka ga ko za su kai ka inda za ka.

Akwai wata waƙa da wata yarinya ta turo mini bayan rasuwar kakarta, ta daɗe a raina. A ɗangwayen farko na ga tsohuwar da idona: yadda take tashi kafin asuba ta hura wuta, yadda take ƙulle 'yan kuɗi a bakin zane ta kwance wa jikoki ranar kasuwa. Amma kowane baiti sai ya rufe da cewa duniya ba wurin zama ba ce, ko kowa zai ɗanɗani mutuwa. Gaskiya ne, babu mai musu. Sai dai an faɗe ta tun kafin a haife mu, kuma a duk lokacin da ta zo sai kakar ta ɓace, mu koma zaman makoki na kowa da kowa. Na ce mata: 'yata, bar kakarki ta tsaya a ɗango na uku. Da ta sake aikin, wani baiti ya rufe da zanen nan a rataye, ƙullin yana nan ba a kwance ba. 'Yan'uwanta da suka ji, ba wanda ya iya riƙe hawaye. Ku riƙe wannan: hukuncin da ɗango na uku yake yankewa ba dole ne ya zo da siffar nasiha ko karin magana ba. Sau da yawa abu guda da ido ya gani ya fi ƙarfi.

Kada kuma ku raina na tsakiya. Wasunku suna maimaita ɗangon farko ne da wasu kalmomi su kira shi na biyu. Aikinsa ya ƙara wani abu, ko ya kawo abin da ya saɓa wa na farko, yadda kunne zai ƙagu ya ji na uku. A misalinmu, fashewar ƙasa ba ta zama abin mamaki ba sai da manomi ya shigo da sandarsa. Ya halatta magana ta gangaro daga wannan ɗango zuwa na gaba, malamai suna kiran haka gangara, in kuma ta tsallaka zuwa wani baiti su ce saɓi-zarce. Gwanaye suna yi don ƙawata waƙa. Mai koyo dai ya fara iya tsayar da baiti da ƙafafunsa kafin ya soma tsallake.

Yanzu bari in kai ku inda ɗango uku ya fi daraja a gadonmu, wurin da yawancinku ba ku lura da shi ba ko da yake kuna jin sa duk watan Maulidi. Ishiriniyar da ake rerawa a masallatai da zawiyoyi aikin mutum biyu ce. Alfazazi, malamin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya yi asalinta, baitoci ishirin ga kowane harafi, kowane baiti ɗango biyu. Daga baya Ibn Mahib ya zo ya ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti, suka zama biyar. Wannan shi ne tahamisi. Mai tahamisi ba shi da 'yancin zaɓar ma'auni, an riga an zaɓa masa. Amsa-amon ɗangwayensa uku dole ya bi ƙarshen ɗangon farko na mai asali. Ma'anarsa kuma dole ta miƙe ta shiga cikin maganar wancan ba tare da an ga ɗinki ba. Mai ji yakan ɗauka baki ɗaya ne ya faɗi duka biyar ɗin.

Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun riƙi wannan hanya. Waƙar Tabban Haƙiƙa, wadda take gargaɗin masu mulki a kan zalunci, Shehu ne ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Uba da 'ya da ɗa, harsuna biyu, waƙa ɗaya. Wannan labari namu ne fiye da yadda kuke zato. Tun farkon ƙarni na 19, da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu, aka kafa Yola a 1841, littattafai da waƙoƙi suke biyo hanyar malamai da fatake zuwa lamidodin wannan ƙasa, Fulatanci da Hausa da Larabci a jaka ɗaya. Ku da kuka tashi da Hausa a gida, Fulatanci a ƙofar gida, kun fi ɗan Kano kusa da yanayin da aka yi wannan waƙa.

Shawarata ga duk mai son ya ƙware a ƙwar uku ita ce ya yi tahamisi don koyo. Ɗauki waƙa 'yar tagwai ta wani magabaci, ka zauna da baiti guda, ka gwada ɗora masa ɗango uku. Za ka sha wuya, kuma a cikin wuyar za ka koyi abin da ba a koya daga bayani: yadda ake auna numfashi, yadda ake shirya wa magana wurin sauka, yadda ake ƙasƙantar da kai a bi bayan wanda ya fi ka. In ka fitar da ita, ka faɗi sunan mai asali, kamar yadda magabata suke yi. Ina faɗar haka ne domin na ga abin da ke faruwa a Facebook: a ɗauki baitin wani, a sauya kalma biyu, a sa suna a ƙasa. Ranar da aka gane, kuma ana ganewa, har waƙoƙin da yaron ya yi da guminsa sai a daina yarda nasa ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mu dawo kan tambayar 'yata game da sirrin lamba. Gaskiya ne uku tana da wuri a rayuwarmu. Ana wanke gaɓoɓin alwala har sau uku, ana neman izinin shiga gida sau uku, haƙƙin baƙo kwana uku ne, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta. Amma Bahaushen da ya san duk wannan, shi ne kuma in masifa ta same shi yake cewa ya shiga uku. A Italiya, Dante, wanda ya rasu a 1321, ya gina babbar waƙarsa a kan uku: kashi uku, babi 33 a kowane kashi da ƙarin guda na buɗewa, jimla 100, duka da baitoci masu ɗango uku. Masana suna danganta wannan da aƙidarsa ta Kiristanci. Kun ga ke nan kowace al'umma da abin da take ɗora wa lambar. Abin da ya kamata mai koyo ya ɗauka wurin Dante shi ne dabararsa: ɗango na farko da na uku suna amsa juna, na tsakiya kuma shi ke ba da amsa-amon baiti mai zuwa, sai waƙar ta zama sarƙa, kowane baiti yana jan na gabansa. A wurinsa na tsakiya ne maraya, a wurinmu na ƙarshe. Ko ta wace hanya, a baiti mai ɗango uku akwai guda da ya rage ba abokin tafiya, kuma gwanintar mawaƙi tana bayyana ne a aikin da ya ba wannan ɗaya.

Waɗanda suka yi lise a cikinku sun haɗu da sonet a ajin Faransanci, irin na su Ronsard: ɗango 14, baiti biyu masu huɗu-huɗu, sannan biyu masu uku-uku, kuma galibi a masu ukun ne magana take juyawa ta nufi hukunci. Wasu kuma sun tsinci haiku na Japan a intanet, sun ji an ce ƙa'idarsa 5, 7, 5, sai suka shiga ƙirga gaɓoɓin Hausa da yatsu. Ban hana ku ba, ilimi kayan mumini ne duk inda ya same shi. Amma ku sani Basho, babban gwanin wannan fanni da ya rasu a 1694, ba lissafi kawai yake yi ba. Haiku yana buƙatar kalmar da za ta nuna lokacin shekara, da wata tsayawa da take raba hoto biyu. Su Japanawa ma sau da yawa a layi ɗaya suke rubuta shi, kuma a ƙirgarsu dogon wasali biyu ne. Wanda ya kwaso lambobin ya bar sauran, kama da wane ya yi, kuma kama da wane ba wane ba ce.

Wannan ya kawo mu ga ma'auni, inda waya ta fi cutar da ku. A fuskar waya duk abin da aka yanka gida uku yana kama da baiti. Kunne kuwa ba a ruɗinsa. Rubutacciyar waƙar Hausa ta ginu ne a kan nauyin gaɓa: akwai gajeriya, kamar “da”, akwai doguwa, wadda take da dogon wasali ko ta ƙare da baƙi, kamar “san”. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara ma'aunan waƙar Larabci 15 a ƙarni na 8, Ahfash ya ƙara na 16, kuma malamanmu sun tarar da yawansu sun zauna wa Hausa da Fulatanci daram, domin harsunan duka suna bambanta dogon wasali da gajere. Koma kan misalinmu ka faɗe shi a hankali: ru-wa-ya, wu-ce-ga, ƙa-sa-ta, fa-she. Gajeriya, doguwa, doguwa, har sau uku, sannan gajeriya da doguwa. Wannan shi ne mutaƙarab, kuma duka ɗangwayen a kansa suke tafiya. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka ido ba zai gaya maka ka karya ba.

Ba sai ka haddace sunayen ma'aunai kafin ka yi waƙa ba. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, bai taɓa ganin ɗango a takarda ba, amma har yau ana rera waƙarsa a ƙofar gidaje da tashoshin mota, ba ta tuntuɓe a baki. A nan kusa da mu, a ƙasar Diyamare, masu mbooku suna tsayawa su rera dogayen waƙoƙi da Fulatanci ba ganga ba garaya, muryoyinsu kaɗai ke riƙe da kari. In ka sami inda ake yi, je ka zauna. Sannan duk baitin da ka rubuta, sa masa murya ka rera shi da ƙarfi, ka ba ƙanenka ma ya rera. Inda harshensa ya sarƙe, ko ya ja wata gaɓa don ta kai, nan ne ɓarakar take. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, gaskiya ne, amma mai ita yakan rufa mata asiri da muryarsa, bakin wani ne yake tona ta.

Wani abu kuma da yake damuna: kuna jin kunyar Hausarku. Na ga masu goge duk kalmar da ta yi ƙamshin nan, suna kwaikwayon bakin 'yan fim ɗin Kano, har su rubuta waƙa a kan unguwannin da ba su taɓa takawa ba. Ku koyi daidaitacciyar Hausa da ƙa'idar rubutunta, wannan wajibi ne, ku sa wa ɗ da ƙ da ɓ ƙugiyarsu, domin rashinta yana sauya ma'ana. Amma abin da za ku faɗa, ku ɗebo shi daga inda kuke. Dutsen Mindif da ake hangowa tun daga hanyar Marwa, mayo, wato rafi, da yake cika ya tumbatsa a Agusta ya koma yashi a rani har mata su tona shi neman ruwa, majeman Marwa, masuntan Binuwai a Garwa, layin motocin auduga lokacin awo: mawaƙin Kano ba zai rubuta waɗannan ba, domin bai san su ba. In kun bar su, ba mai ɗauka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kuma ɗango na uku mai ƙarfi daga sani yake fitowa. Wanda bai taɓa tsayawa a karal ba, ba zai san akwai ruwa a ƙarƙashin tsagar ba.

Sai maganar gaggawa. Baiti mai ɗango uku gajere ne, yana da sauƙin haddacewa, yana da sauƙin turawa, kuma ɗangonsa na ƙarshe yana da kaifi. Saboda haka ya dace da zambo da habaici ƙwarai, kuma na ga inda wannan ya kai. Saurayi ya yi fushi da gidan da aka hana shi aure, ya shirya baiti uku cikin dare ya saka a WhatsApp. Kafin azahar yara suna rera su a hanyar makaranta. Ya goge, ya ba da haƙuri, manya sun shiga tsakani, amma gidajen nan biyu da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninsu, yarinyar kuma da sunan da ya laƙaba mata ake kiranta a bayan ido. Magana zarar bunu ce, wadda aka auna aka sa wa amsa-amo kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa. Allah ya ba ka baiwa, za a tambaye ka a kanta. In za ka soki zalunci ko mugun hali, soki halin, magabata sun yi haka kuma sun faɗa wa sarakuna gaskiya. Mutuncin mutum ɗaya da ba zai iya rama maka da waƙa ba, ka bar masa abinsa.

Ko waƙar ba ta taɓa kowa ba, kar ka sake ta ranar da ka yi ta. Yabon da ake zubowa a ƙarƙashin rubutu, “fasihi”, “Allah ya ƙara basira”, addu'a ce ta masoya, ka karɓa ka gode, amma ba ita za ta nuna maka ɗangon da ya rame ba. Nemi mutum guda da zai iya ce maka wannan bai yi ba, ka riƙe shi.

'Ya'yana mata, ku ma da ku nake, kada wani ya ce muku wannan fage na maza ne. Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura malamai mata da ake kira jajis ƙauyuka suna koyar da mata da waƙoƙinta, har ta rasu a 1864 tana kan wannan aiki.

Ga roƙona gare ku duka. A Mindif da Marwa da Garwa har yanzu akwai tsofaffin malamai da modibbai da suke da waƙoƙin ajami a cikin gafaka, akwai kuma iyaye mata da suka haddace su tun suna 'yan mata. A 1983 wani mai bincike, Haafkens, ya buga littafi guda na waƙoƙin addini na Fulatanci da ya tattara a Marwa, kuma abin da ya rage a gidaje ba a rubuta ba yana da yawa. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini, ku ɗauki muryarsu da wayar nan da ke hannunku, ku tambayi wanda ya yi waƙar da wanda ya yi mata tahamisi, ku rubuta sunayen. Kada ku jira hutu mai zuwa, ku fara da wanda ya fi tsufa a unguwarku. Allah ya yi muku albarka.